Rabin Litar Da Ta Shigo Gidanmu

Kafin ku ce na cika zargi, ku bari in fara faɗa muku sana'ata. Turare nake aunawa. Shekara huɗu ke nan ina zaune bayan gilashin wani ɗan shago, sirinji a hannu, ina ɗura turaren mai a ƙananan kwalabe: mil uku, mil shida, mil goma sha biyu. Mil ɗin nan shi ne mililita, sai guda dubu sun taru suke cika lita ɗaya. In na ƙara ɗigo biyu mai shago ta gani, in na rage mai saye ya dawo da masifa. Wadda ta saba da wannan rayuwa, ko kofin shayi aka miƙo mata sai idonta ya auna shi kafin bakinta ya taɓa. Ba mugun hali ba ne, aiki ne ya biyo ni har gida.

Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na rage gaban Abba da Umma. Wata biyar da suka wuce zuciyar Abba ta kwantar da shi. Ranar da aka sallame mu, likitar da ta duba shi ta zaunar da ni ta ce abu biyu za mu riƙe. Duk abin da zai sha a wuni, har shayi, kada ya wuce lita ɗaya. Sannan kowace safiya ya hau sikeli, in nauyi ya yi tsalle ko ƙafa ta kumbura, ruwa ne ke taruwa a jikinsa, mu dawo da shi ba sai an yi shawara ba. Abba da ya shekara talatin a gidan mai, tun yana riƙe da bututu har ya zama manaja, ya saurare ta yana gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. Muna dawowa na sayi jug na roba, na shata layin lita ɗaya da jan farce.

Sai kuma mutumin da ya sa nake wannan rubutu.

Gwaggo ce ta kawo shi, yayar Abba, wadda ba ta taɓa kawo abu gidanmu ta koma da shi ba. Ta ce ɗan ƙawarta ne, yana aiki a sashen magani na wani babban asibiti can ƙarshen gari. Tun zuwansa na farko Umma ta raɗa masa Likita, shi kuma ya yi murmushi bai gyara mata ba. Ni a wayata Mai Farar Mota na sa masa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, rigunansa kullum a goge har hannun rigar yana da kaifi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Saƙonsa na safe in bai shigo ba, sai in yi ta juya wayar kamar ita ce da laifi.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ni hancina ne jarina, kuma ban taɓa jin warin asibiti a jikinsa ba. Ko da ya ce daga aiki yake, babu ƙaurin maganin goge ƙasa, babu na safar hannu. Sabulu kawai. Na faɗa wa Umma, ta ce to laifi ne mutum ya yi wanka?

Manyansa suna so su zo ranar Juma'a mai zuwa a yi maganar aure. Na ce a ƙara mini lokaci. Gwaggo ta ce lokacin me, ko so nake sai ya kawo takardar shaidar aiki na buga mata hatimi? Umma ba ta faɗa, kallo take yi, irin kallon da ke nuna ɗakin Abba ba tare da ta juya kai ba. Na gane abin da take nufi. Kowa a gidan yana tsoron kada a yi abin babu shi.

Ranar Asabar ɗin nan mai shago ta tashe mu da wuri, na shigo gida wajen ƙarfe uku, ko mayafi ban cire ba na leƙa falo. Abba yana kan doguwar kujerarsa cikin farar jallabiya, an jera masa filo uku a baya, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Duk satin ina fita yana barci, in dawo ya lulluɓe ƙafa da bargo. Yau zafi ya sa ya yaye.

Takalminsa na fara gani. Mai maɗauri ne, kuma maɗaurin a sake yake, bai kai ramin farko ba.

"Abba, ƙafarka."

"Zama ne, Auta. Sannu da aiki."

"Ka hau sikeli yau?"

"Batirinsa ya mutu. Kwana biyu ina cewa a sayo."

Na durƙusa na danna yatsa a ƙaurinsa. Da na ɗaga, ramin yatsan ya zauna bai taso ba. Na ɗauki kwalbar ruwan da ke gefensa don in matsar da ita in zauna, sai hannuna ya gaya mini wani abu tun kafin idona ya kai. Ruwan ya kusa rabi, amma nauyinta bai yi daidai da kwalbar da na sani ba.

Bari in koma baya kaɗan. Jug ɗina mai jan farce ya fashe wata guda da ya wuce, Abba ya ce kuɓuce masa ya yi. A ranar Mai Farar Mota ya kawo katan na ruwan kwalba, ya ce ai wannan ya fi sauƙi ga Umma: kwalba ɗaya daga safe zuwa azahar, ɗaya zuwa kwanciya, har shayi daga ciki za a dafa. Na duba da kaina, 50cl aka rubuta. Santilita hamsin, wato mil ɗari biyar. Biyu sun cika lita cif. Har na yaba masa a raina.

Wadda ke hannuna yanzu marfinta shuɗi ne kamar waccan, takardarta iri ɗaya, sai dai ta ɗan fi tsawo da kauri. Na juya ta. 75cl.

Na sami Umma a kicin tana yanka albasa, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo.

"Umma, wannan ruwan daga ina?"

"Likita ne ya aiko. Wancan ya ƙare."

"Nawa Abba yake sha?"

"Biyu mana, yadda aka ce. Ko ɗigo ba na ƙara masa, Allah ne shaidata. Jiya har fushi ya yi da ni."

"Umma, wannan ba irin waccan ba ce. Santilita ɗaya mil goma ce. Saba'in da biyar sau goma, ɗari bakwai da hamsin. Biyu kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar. Lita ɗaya da rabi yake sha."

Ta ajiye wuƙar. "Ni kin san ba na gane wannan lissafin naku. Kwalba biyu aka ce, kwalba biyu nake bayarwa. Na ce wa Abbanku kamar sun fi girma, ya ce Likita ya ce kamfanin ne ya canza musu siffa, cikin ɗaya ne."

Umma ba ta zubar da kwalba, ko ta maganin tari ce sai ta wanke ta adana. Na janyo buhun da ke bayan ƙofa na zazzage a ƙasa, na ware gajeru gefe, dogaye gefe. Dogaye goma sha takwas, ban da ta yau. Kwana tara ke nan. Rabin lita sau tara, lita huɗu da rabi. Na kalli jarkar man girki mai lita biyar da ke kusa da murhu, na ce a raina kusan cikin wannan ne ya shiga jikin Abba a ɓoye, muna gidan muna ta yi masa sannu.

Ana haka Gwaggo ta yi sallama, da jakarta mai sarƙar zinare da leshinta ruwan goro, ta zo jin inda aka kwana kan maganar Juma'a. Ta tarar da ni a tsugune tsakiyar kwalabe.

"Wannan kuma sabuwar sana'a ce?"

Na yi mata bayani. Ta saurara da baki a taɓe.

"Yanzu ke mai sayar da turare kin fi wanda ya karanta magani sanin ruwa?"

"Gwaggo, rubutu ne a jikin kwalba, ba ni na yi shi ba."

"Ke dai ki ce neman hanyar kuɓucewa kike. Tun da yaron nan ya fara zuwa kike shinshinarsa kamar kayan gwanjo. Mutum ya ɗauki ubanki kamar nasa, sakayyar ke nan?"

Abin da ke bakina ba na gaban manya ba ne. Na shige ɗakina na turo ƙofa, na zauna bakin gado da abayata a jiki. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci: mutumin nan bai taɓa aiki a sashen magani ba. Wanda ke ba da maganin yara da mil ba zai kasa bambance hamsin da saba'in da biyar ba. Farar mota ce da guga kawai. Na ce bari in kama shi da hannunsa.

Na rubuta: "Don Allah wata tambaya, kai ya ɗaure mini a shago. Kwalba mai 75cl mil nawa ce?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba. "750. Yau kuma malamar awo ce ke tambaya?" Har da fuskar dariya.

Na tsaya ina kallon lambar. Ban so ya sani ba, wallahi. Da jahilci ne da na san inda zan ajiye shi.

"Guda biyu fa?"

Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Mutumin da ya amsa ta farko kafin in ƙifta ido, yanzu ɗari bakwai da hamsin sau biyu ta zame masa jarrabawa.

"1500. Lita ɗaya da rabi. Kina gida?"

Ashe ya sani. Ya sani sarai, kuma tambayar da ya yi ta nuna ya san kwalbar da nake nufi. To wane irin mutum ne zai san haka ya aiko wa mai ciwon zuciya da ita? Tunani babu irin wanda bai zo mini ba, har da waɗanda nake jin kunyar rubutawa a nan. Na tura masa: "Ka san lissafi ashe. To ka san abin da ka yi wa mahaifina. Kada ka sake tako gidanmu."

Ya kira. Na kashe. Ya sake kira, na kife wayar a kan filo.

Abin da ya rage shi ne in san nauyin Abba kafin mu tafi asibiti. Na shiga ɗakinsa na janyo sikelin daga ƙarƙashin gado, na juya shi don in ga irin batirin da zan nema. Na zare murfin.

Babu batiri a ciki. Ba mutuwa ya yi ba, cire shi aka yi.

Na daɗe a durƙushe a wurin. Mai Farar Mota bai taɓa wuce falo ba. Umma ko batirin agogo ni take jira in canza mata. Na ɗaga kai, sai idona ya sauka kan hoton da ke saman durowa, Abba yana matashi cikin rigar aiki, bututun mai a hannu, yana dariya. Mutumin da tun ina ƙarama yake kallon jarka daga nesa ya ce wannan ba ta cika ashirin ba, a auna a ga gaskiyarsa. Mutumin da ya koya mini da bakinsa cewa lita santilita ɗari ce, ranar da na dawo daga makaranta ina kuka an ba ni sifili. Shi ne zai riƙe kwalba kwana tara bai san cikinta ba?

Na buɗe durowar. Batiran suna nan guda biyu, a nannaɗe cikin hankici, kusa da tabaransa.

Na fito falo da sikelin a hannu ɗaya, batiran a ɗaya. Umma da Gwaggo suna kicin, ina jin muryar Gwaggo tana ta kawo misalan 'yan matan da suka yi ruwan ido. Abba ya kalli hannuna, ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Turo ƙofar," ya ce.

Na turo, na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa.

"Abba, wa ya kawo katan ɗin?"

"Mai kantin bakin titi. Ni na kira shi. Na ce in ya kawo ya ce daga Likita."

"Jug ɗina fa?"

Ya kawar da kai. "Kin shata layin nan kamar da ma'aunin gwal. Ko yatsa ɗaya ba ya wucewa."

"Abba, me ya sa?"

Ya tsaya yana maida numfashi, sai a lokacin na lura maganar ma a guntu-guntu take fita.

"Auta, ba ki san ƙishirwa ba. Allah kada ya sa ki sani. Harshena kwana yake kamar tsumma. Ina jin uwarki ta buɗe famfo tana wanke-wanke, sai in ji kamar in yi kuka. Shekara talatin ina ɗura wa mutane lita hamsin, lita ɗari, ban taɓa rage wa kowa ba. Yau ni aka auna wa ɗaya." Ya yi ɗan murmushi. "Rabi kawai na ƙara. Na ce rabi ba zai kashe mutum ba."

Hawaye suka zubo mini. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda. Sai kuma kunya ta rufe ni da na tuna saƙon da na tura.

"Ka sa na zagi bawan Allah a banza. Na ce kada ya sake zuwa, alhali bai san komai ba."

Abba ya shiga gyara bakin jallabiyarsa, abin da yake yi ke nan in magana ta rage.

"Abba. Bai sani ba, ko?"

"Ranar Lahadi da ya zo gaishe ni ya gani. Yana shigowa idonsa ya faɗa kanta. Yaron ya san aikinsa, kada ki ƙara shakka." Ya yi tari. "Ya ce zai gaya miki. Na ce in ya buɗe baki, kada manyansa su tako gidan nan, ni da shi an gama."

"Shi kuma sai ya yi shiru," na ce.

"Kullum sai ya kira ni yana roƙo in koma ƙananan. Jiya har muryarsa na rawa. Ya ce in ban daina ba zuwa gobe Lahadi zai faɗa, ko me zai faru." Abba ya dube ni, fuskarsa har da wani haske. "Kin ga irin son da yake miki? Tsoron rasa ki ne ya ɗaure masa baki."

Abba a yabo ya faɗe ta. Ni kuwa ji na yi kamar an zare mini wani abu daga ƙirji. Na tashi na ɗauko wayata daga ɗaki na hau duba saƙonninsa na satin. Litinin: "Barka da safiya, ya jikin Abba?" Talata haka. Laraba har da hoton fure. Kowace safiya yana tambayata jikin Abba, ni kuma ina amsa masa da sauƙi alhamdulillah, shi ya san abin da ke cikin kwalbar, ni ban sani ba.

Na mayar da batiran, na kama hannun Abba ya hau sikelin yana dafe da kafaɗata. Kilo huɗu ya ƙaru a kan na ƙarshe da na rubuta a bangon kalanda. Da ya sauko sai da ya zauna ya huta kamar wanda ya hau bene.

Na buɗe ƙofar kicin. "Umma, ɗauko katin asibiti da jakar magani. Yanzu za mu tafi."

Gwaggo ta miƙe. "To ai sai a kira Likita."

Ba a kira shi ba. Hon ɗin motarsa ne ya amsa mata daga waje, wayata kuma ta yi ƙara a hannuna. "Ina ƙofar gida. Ki zage ni daga baya, yanzu a fito da Abba."

Na tsaya a tsakar gida ina lissafin da ban so ba. Kafin in samo motar haya a layinmu sai an yi rabin awa, Abba kuwa numfashinsa ya fara ƙara. Na gyara mayafina na buɗe ƙofa.

Yana tsaye jikin motar, yau babu guga. Farar rigar aiki ce a jikinsa, katin shaida na lilo a wuya, da hotonsa da sunan sashen. Da ya matso zai kama Abba, warin asibiti ya bugi hancina, wanda na yi wata huɗu ina nema. Ashe gaskiya yake faɗa tun farko, wanka yake yi kafin ya zo wurina. Na samu amsar da nake so a ranar da ba ta da sauran amfani.

Muka zaunar da Abba a baya, Umma ta shiga ta ɗaya gefen. Ya zagaya ya buɗe mini ƙofar gaba, inda na saba zama. Na wuce ta, na matsa kusa da Abba na ja ƙofar baya na rufe. Gwaggo ta leƙo ta taga tana cewa a dai yi haƙuri da juna, ita ta riga ta ce wa mutane Juma'a, ba za ta zama ƙaramar mutum ba.

Ya tada mota, ya nemi idona ta madubi.

"Zan yi miki bayani. Wallahi kullum ina..."

"Tambaya ɗaya ta rage mini," na ce. "Daga Lahadi zuwa yau kwana shida. Rabin lita sau shida, nawa ke nan, Likita?"

Ban taɓa kiransa da sunan ba sai ranar. Hannunsa ya ƙanƙame sitiyari. Umma ta dube ni, ta dube shi, ba ta gane ba. Abba ya rufe ido.

"Lita uku," ya ce a hankali.

"Daidai ne. To ja mu tafi."

Muka kama hanyar asibiti. Kan Abba yana kafaɗata, ina ƙirga numfashinsa, a gabana kuma ƙeyar mutumin da har yanzu nake so, wanda ban san ko zan iya ba shi amanar kofin ruwa ba.